Murhun Gidan Madugu

Umma ta riga ta ɗora tafin hannunta a jikin ƙyauren zauren kafin yarinyar mai riga ruwan toka ta ce, "Mama, don Allah ba a taɓawa."

Ta janye hannun a hankali, ta juya ta dubi yarinyar da idon da ya rage mata mai ɗan dama-dama. Wai ba a taɓawa. Ƙyauren da ta sha turawa da ƙugu tana ɗauke da tulu a ka, ƙyauren da ya taɓa datse mata yatsa har farcen ya fita, shi ne yau aka shafe shi da mai yana ta sheƙi, aka kuma sa masa mai gadi. Dariya ta so ta kama ta, sai ta haɗiye.

'Yarta Ameera, wadda ta tuƙo ta tun daga unguwar Kado ta Abuja, ta yi sauri ta shiga tsakani. "Ki yi haƙuri, mahaifiyata ce. A gidan nan aka kawo ta aure. Mai gidan kakana ne."

Yarinyar ta dafe ƙirji, ta rusuna har ƙasa. Sunanta Prudence, 'yar nan Kwali ce, ita ce mai zagayawa da baƙi, kuma tana cikin aikin tun ranar da aka fara kwashe ƙasar da ta rufta. Hausarta irin ta Abuja ce, wani lokaci ba ruwanta da mace ko namiji. "Mama, sannu da zuwa. Ashe gidanka ne. Yau ni zan koya."

"Babu abin da za ki koya a wurina, 'yata. Mu shiga kawai."

Gidan Madugu Lukmanu ne, a tsohuwar unguwar Hausawa ta garin Kwali. A zamanin da Abuja ba ta wuce daji da duwatsu ba, a nan fatake masu goro suke sauka idan sun taso daga kudu. Bayan Madugu ya rasu 'ya'ya suka watse, wasu Suleja, wasu Mararaba, damina ta yi ta cin ginin har ya zama makwancin awaki. Sai ga wata ƙungiya ta masu son tarihi ta karɓe shi a hannun magada, ta tayar da bango, ta yi sabon rufi, ta kafa allo a ƙofa. Ameera tana alfahari da wannan allo. A ofishinsu na ma'aikatar tarayya babu wanda bai ga hotonsa a wayarta ba.

Ita ta ɗauka marmarin tsohon gida ne ya sa Umma ta dame ta da maganar zuwa, har ta ɗauki hutun yini guda. Ba shi ba ne. Likita ya gaya wa Umma gaskiya a watan jiya: hawan jinin ido ya cinye na hagu, na dama ma yana bin sawu, maganin ɗigawa jinkiri kawai yake sayo mata. Ta ce alhamdu lillahi, ta dawo gida ta kasa cin abinci. Ba duhun ne ya tsorata ta ba. Akwai wani ɗan wuri a bayan ɗakinta na amarci, bai fi faɗin faifai biyu ba, inda aka binne ɗanta na fari. Tana so ta gan shi da idonta sau ɗaya, ta yi masa addu'a a kansa, kafin idon ya rufe. Ameera ba ta ma san an taɓa yin wannan ɗa ba.

Prudence ta fara karatunta na kullum a zaure: ga buzun Madugu, ga irin huhun da ake ɗaure goro, ga sirdin jakinsa. Kowace jimla sai ta ce Madugu Lukmanu, Madugu Lukmanu, gatsau, kamar wani sa'anta. Duk lokacin da sunan ya fito Umma sai ta sunkuyar da kai. Surukinta ne, tun da aka kawo ta gidan bakinta bai taɓa furta sunan ba, kuma ba shi kaɗai ne mai sunan ba.

"Ku yi ta kallonku," in ji Umma. "Ni zan leƙa ciki."

Ta dogara sandarta ta bi ta soro na biyu ta fito tsakar gida, sai ta tsaya cak.

Gidan ya yi kyau, wannan kam ba a musu. An shafe bango da jar ƙasa, an yi zane a bakin ƙofofi wanda ko a zamanin Madugu ba a yi irinsa ba. Amma ba gidan da ta sani ba ne. An sare durumin da ke tsakiya. Rijiyar ma babu ita. An shimfiɗe tsakar gidan da intalok, 'yan tubalan siminti da ake jerawa a ƙasa, tun daga bakin soro har katangar baya, sumul, ko tsinke babu. Ɗakin Goggo, uwar mijinta, yana nan, da turakar Madugu, da rumbu guda biyu. Amma ɓangaren yamma, inda ɗakunan matan 'ya'ya suke jere, fili ne fetal. A ƙarshen filin an gina wani ɗan ɗaki na bulo mai ƙofa biyu, ɗaya da hoton mace, ɗaya da hoton namiji.

Ta ce a ranta, Ya Rabbi, kar dai a kansa suka yi bayan gida.

Ameera da Prudence suka iso ta. Umma ta nuna filin da sanda. "Ina ɗakunan da ke nan?"

"Mama, waɗannan sun rushe gaba ɗaya, ko tushe ba mu gani ba. Oga, shugaban aikin, ya ce kar a gina abin da ba a tabbatar ba."

"To, ya kyauta."

Ta taka zuwa filin. Ta tsaya ta juya baya ga ɗakin Goggo, yadda take yi a da idan ta kai mata tuwo za ta koma nata ɗakin, ta bar ƙafarta ta ja ta. Ƙafar ta kai ta wani wuri ta tsaya. Ta duba, intalok ne. Ta koma ta sake, wannan karon ta karkata hagu, domin a da sai an kewaye durumi. Ta sake iske intalok. Ko'ina iri ɗaya, kamar an shafe allo. Rana ta fara zafi, abin da take gani ya fara yin hazo daga gefe.

A jikin katangar yamma akwai wani ɗan fili da aka bar ƙasarsa ba a rufe ba, an kafa 'yan turaku huɗu an zagaye shi da jar igiya. A tsakiya duwatsu uku ne, da sabuwar tukunya a kai, da itace an jera kamar za a hura. Haushin da ya cika ta sai ya sauka a kansa.

"Wannan kuma mene ne?"

"Murhu ne, Mama. Nan ne matan gidan suke dafa abinci."

"Matan wane gidan? Yo wace mahaukaciya ce za ta kafa murhu a jikin katanga, nesa da rijiya, nesa da rumbu? Madafa tana can gabas, kusa da ɗakin Goggo. Na shekara nawa ina shan hayaƙi a gidan nan, ban taɓa ganin an hura wuta a nan ba."

"Umma," in ji Ameera a hankali, tana jan gefen mayafinta.

"Ke rabu da ni. Sun sare bishiya, sun cike rijiya, sun zo sun dasa murhu inda suka ga dama, wai tarihi."

Prudence ta sunkuyar da kai. Umma ta ga haka, sai kunya ta kama ta. Yarinyar nan me ta yi mata? Ta samu benci a inuwar rumbu ta zauna. Wayar Ameera ta yi ƙara, daga ofis ne, ta koma gefe tana magana da Turanci tana duban agogo.

Umma ta zauna tana kallon filin, tana tunawa. Ba ta daɗe da dawowa daga wankan gida ba zazzaɓi ya kama yaron, da damina, kafin a yi wani abu ya koma. Maza suka ɗauke shi a ɗan farin ƙyalle suka zagaya bayan ɗakinta, kamar yadda ake yi wa jarirai, suka dawo suka wanke hannu. Ɗan fari ne, an kuma sa masa sunan Madugu. Kunya biyu ke nan. Yana raye ma ba ta isa ta ɗauke shi a gaban mutane ta yi masa wasa ba, balle ta kira sunansa. Da ya mutu kuwa, ina ita ina kuka a gaban surukai? Goggo ba muguwa ba ce. Ta shigo ta dafa ta, ta ce, "Amarya, a yi haƙuri, wani na tafe," ta miƙa mata ƙwaryar gero don hannunta ya sami abin yi. Ta surfa geron nan tas, ido a bushe, mutane suna yaba mata da kunya. Daga ranar ba wanda ya sake tayar da maganar, ita ma ba ta tayar ba. Abin ya zauna mata a ƙirji har yau da jikokinta suke jami'a.

Ameera ta dawo. "Umma, ranar nan ba ta da kyau ga idonki. Mu shiga ɗakin kayan tarihin ki huta, sai mu kama hanya kafin Gwagwalada ta cushe."

Umma ta miƙe ba musu. Ta haƙura. Ta ce a ranta za ta yi addu'ar daga bakin ƙofa, Allah ai ya san inda yake. Amma ta san ba abin da ya kawo ta ke nan ba, kuma ta san ba za ta sake dawowa da ido ba.

Ɗakin Goggo aka mayar ɗakin kaya. Akwai sanyi a ciki, da fanka, da akwatunan gilashi a jere. Prudence ta ci gaba da bayani, muryarta ƙasa-ƙasa yanzu: ga tasoshi, ga mazari, ga dutsen niƙa. Umma tana bi tana gyaɗa kai, ba ta ganin komai sai ƙyallin gilashi. A akwatin ƙarshe, kusa da taga inda haske ya fi yawa, ta ga wani ɗan abu baƙi. Ta matsa. Ta kai fuskarta har numfashinta ya dusashe gilashin, ta goge da bakin mayafi.

'Yar ƙaramar tukunya ce, ba ta fi a riƙe ta a hannu biyu ba, irin ta matan Gbagyi, da zanen ƙadangare a wuyanta. Bakinta ya ɓalle a gefe guda. Gindinta baƙi ƙirin.

Ita ta saye ta a kasuwar Kwali da tsohon ciki. A cikinta take ɗumama ruwan gashin cibiyarsa. Ita ta ɓalle bakin, ranar suna, garin sauri. Kuma ita ce, bayan an binne shi da 'yan kwanaki, ta faki idon mutane da tsakar rana ta zagaya bayan ɗaki ta kife ta a kansa, ta danna ta cikin ƙasa da dunduniya, don kar wurin ya ɓace mata.

"Prudence." Wannan ne karo na farko da ta kira sunan yarinyar. "A ina kuka samo wannan?"

"A tsakar gida, Mama. Ni ma ina wurin ranar. Yana cikin ƙasa, a kife, gindinsa kawai ya fito."

"A wane wuri?"

Prudence ta amsa tana tsoron wani faɗan. "Inda murhun nan yake. Mun ga gindin ya yi baƙi da hayaƙi, shi ya sa muka ce nan ne wurin girki. Sai oga ya ce a sa duwatsu a daidai wurin, a ɗora sabo, a kawo tsohon nan ciki don kar ya ƙarasa fashewa."

Umma ta dafa akwatin gilashin da hannu biyu. Prudence ba ta ce ba a taɓawa ba.

"Kun haƙa wurin?"

"A'a, Mama. Mun ɗaga tukunya kawai. Oga ya ce duk inda aka samu abu a ƙasa, ba a haƙawa, ba a zuba siminti."

"Alhamdu lillahi," in ji Umma. Ta sake faɗa, ta kuma faɗa.

Ta fita ba ta jira kowa ba, har ta mance sandar a jingine. Ta ƙetare tsakar gidan kai tsaye. Da ta isa jar igiyar ta tattare zaninta ta ɗaga ƙafa ta tsallake, ta durƙusa a gefen duwatsun, ta ɗora tafin hannu a ƙasa. Yanzu da take durƙushe ta gane wurin sarai. Ga katanga a hagunta, ga ƙofar Goggo can ta gefen ido. Nan ne bayan ɗakinta. Ta wuce shi ɗazu tana zaginsa.

Ameera ta biyo ta da sandar a hannu. "Umma, lafiya? Me ya faru? Ki fito, an ce ba a shiga."

"Zo ki durƙusa, Ameera. Yayanki ne a nan."

"Yaya Farouk?"

"Wanda ya riga Farouk."

Ameera ta tsaya da baki buɗe. Umma ta ba ta labarin a gajarce, ba ta ɗago kai ba: zazzaɓin, farin ƙyallen, ƙwaryar gero, tukunyar. Ameera ta ajiye jaka da waya a kan intalok, ta tsallake igiyar da takalminta mai tsini, ta durƙusa.

"Shi ya sa kike kiran Yaya Farouk da sunansa," ta ce a hankali. "Mu muna ta tsokanarki wai ke 'yar zamani ce, ba kya kunyar ɗan fari."

"Ina yi. Ba ku san wanda nake yi wa ba ne."

"Me ya hana ki gaya mana, Umma?"

"Ta ina zan fara? Abin da ba a ba ni bakin faɗa ba tun farko."

Sai kukan ya zo. Ba mai ƙara ba ne, kafaɗunta kawai suke girgiza, hawaye suna sauka daga idon mai gani da marar gani baki ɗaya suna ɗiga a jar ƙasa. Ameera ta rungume ta, ita ma tana yi. Babu Goggo, babu Madugu, babu wanda za a ji wa kunya.

Prudence tana tsaye a wajen igiya, hannu a baki. "Mama, ki yafe mana. Wallahi ba mu sani ba. Mu ma fa 'yan Kwali a gida muke binne namu, ya kamata in gane. Bari in kira oga yanzu, a kwashe duwatsun nan."

Ameera ta share ido, muryar ofis ta dawo mata. "Ƙwarai, a kwashe. Zan yi magana da shugabannin ƙungiyar da kaina. A kewaye wurin da kyau, a sa allo a rubuta cewa kabari ne."

"A'a," in ji Umma.

Suka dube ta.

"In kuka rubuta, kowa ya shigo sai ya tsaya a kansa ya ɗauki hoto. Wasu kuma su ce gidan da kabari, su ƙi shigowa. Ku bar shi yadda yake." Ta shafa igiyar da yatsu. "Ina cikin gidan nan kaji suna tono a kansa, yara suna tsalle, ina gani ban isa in ce a daina ba. Bayan mun tashi awaki suka gaje shi. Ku da ba ku san shi ba kuka zo kuka sa masa igiya. Duk faɗin tsakar gidan nan, nan kaɗai ne ba a takawa. Me kuma zan nema?"

"Tukunyarki fa, Mama? In roƙi oga a mayar?"

"Bar ta a gilashin. A nan rana za ta ƙarasa ta. Ta gama aikinta, ta kawo ni."

Umma ta ɗaga hannu don addu'a, Ameera ta ɗaga nata. Prudence ta haɗa nata hannuwan a ƙirji ta rufe ido. Umma ta yi salati, ta karanta abin da ta sani, ta roƙa wa Madugu da Goggo da mahaifin su Ameera gafara. Da ta zo kan yaron sai ta tsaya.

"Umma, yaya sunansa?" in ji Ameera.

"Sunan kakanki aka sa masa. Yana jikin allon ƙofa."

"Na sani. Ke nake so ki faɗa."

Leɓen Umma ya motsa sau ɗaya babu sauti, kamar mai gwada ruwan zafi da yatsa. Sannan ta dubi ƙasar da ke tsakanin duwatsun, ta buɗe idon dama sosai don ta gan ta da kyau.

"Lukmanu," ta ce. "Lukmanu, ni ce. Allah ya haɗa mu."

Suka shafa. Ta daɗe tana kallon wurin, tana bin kowane dutse da kowace tsaga ta ƙasa, har ta tabbata ta haddace. Sannan ta miƙa hannu, Ameera da Prudence suka ɗaga ta, suka tsallakar da ita igiyar.

Daga zaure aka ji hayaniya. Wata motar baƙi ce ta iso, ma'aikatan wani ofishi daga cikin gari, maza da mata, kowa da waya a hannu. Prudence ta goge fuska da bayan hannu, ta gyara rigarta, ta yi taku biyu ta dawo.

"Mama, in mun zo nan me zan ce musu?"

"Abin da kike cewa kullum."

Umma ta koma bencin inuwar rumbu ta zauna. Ameera ta kashe wayarta ta zauna kusa da ita, ba ta ƙara maganar cunkoson Gwagwalada ba. Baƙin suka fito tsakar gida suna dariya, suka leƙa rumbu, suka yi hoto a ƙofar Goggo, suka gangaro yamma. Wani mai babbar riga ya matsa kusa da turakun, ya miƙa ƙafa zai tsallaka don ya tsaya kusa da tukunyar a ɗauke shi.

Prudence ta sha gabansa.

"Oga, nan murhu ne. Don Allah ba a taɓawa."